Babi na 6: Madubin da Ya Ɗauka a Bamako Yake

Duk wanda ya tashi da sauraron rediyo a ƙasar Hausa ya haddace wata jimla ko bai yi niyya ba: ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar. Awa ɗaya ce tsakani, rani da damina, kuma mai sauraro ba ya buƙatar sanin dalili kafin ya kama labaransa a kan kari. Sai ranar da ya tsaya gaban madubin hangen nesa irin na zamani, mai injin juyawa a gindi da rimot a hannu, sannan wannan awa ɗaya za ta nemi ya san asalinta.

A babin da ya gabata mun yi maganar gilashi, abin da ke tara haske ya kawo shi ido. Yanzu za mu sauko ƙasa, wurin mazaunin da madubin yake hawa. Mazaunai irin su NexStar na kamfanin Celestron, da SynScan na Sky-Watcher, da LX200 na Meade, suna ɗauke da 'yar kwamfuta mai jerin dubban taurari a cikinta. Ka latsa sunan abin da kake so, injin ya yi ƙara, madubi ya juya ya tsaya a kansa. Wanda ya fara ganin haka zai rantse na'urar tana gani. Ba ta ganin komai, lissafi take yi. Da ka kunna ta sai ta yi maka tambayoyi: ina muke, yau nawa ga wata, ƙarfe nawa, kuma agogon da ka duba na wace shiyya ne. Abin da ka gaya mata shi za ta ɗauka, ba ta da hanyar musu. In ka ce mata tana tsakiyar teku, lissafin tsakiyar teku za ta yi maka.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Duniya tana zagaye kanta, digiri 360, cikin awa 24. Ke nan digiri 15 a kowace awa, digiri ɗaya a kowane minti 4. (Ga taurari zagayen ya ɗan fi sauri, awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4, shi ya sa Kaza da 'Ya'yanta suke riga fitowar jiya da kusan minti 4 kullum.) Saboda haka tambayar "ƙarfe nawa" da tambayar "yaya nisanka gabas ko yamma" a haɗe suke. Kuskuren awa ɗaya a agogo daidai yake da a ɗauke ka a ajiye ka digiri 15 daga inda kake. Domin a ji girman abin: faɗin wata ɗan daren sha huɗu rabin digiri ne kawai, kuma abin da ake gani ta maleƙar madubi matsakaici bai cika wuce digiri ɗaya ba. Kuskuren awa ɗaya faɗin wata talatin ne a jere.

Mu ɗauki Daura a matsayin misali. Tana kan latitud digiri 13 da minti 2 arewa da ikwaita, da lonjitud digiri 8 da minti 19 gabas da Girinwic, unguwar nan ta Landan da aka mayar mafarin ƙirga. An yi wannan yarjejeniya a taron ƙasashe 25 a Washinton cikin Oktoban 1884. Faransa ba ta sa hannu a lokacin ba, ta ci gaba da agogon Faris har 1911. Najeriya kuwa ta yi 'yan sauye-sauye kafin ta zauna: a 1914, shekarar da aka haɗe kudu da arewa, an sa agogonta rabin awa gaban na Girinwic, wato GMT, sannan daga 1 ga Satumba 1919 aka mayar da shi awa ɗaya cur, inda yake har yau.

Awa ɗaya gaban Girinwic lokacin rana ne na layin digiri 15 gabas. Wannan layi bai taɓa ƙasar Najeriya ba ko da taku ɗaya, ta Njamena ya bi, babban birnin Cadi. Ke nan agogon da ke hannun mutumin Daura ranar Njamena yake bi. Tsakanin digiri 15 da inda Daura take akwai kusan digiri 6 da kashi biyu cikin uku, wato minti 27. Idan agogo ya buga sha biyu, rana tana da sauran kusan rabin awa kafin ta tsaya tsaka a kan rijiyar Kusugu ta Daura. Ita ma tsayuwar ba a minti ɗaya take ba duk shekara: a farkon Nuwamba zawali yana zuwa wajen 12:10, a tsakiyar Fabrairu kuwa sai wajen 12:41. Ladanan da, masu auna inuwa da ƙafa don sanin azahar da la'asar, ba su taɓa shiga wannan ruɗani ba, domin inuwar da suke aunawa ta garinsu ce. Ruɗanin ya zo ne da agogo, wanda ya haɗa Maiduguri da Sakkwato a lokaci ɗaya alhali mutumin Maiduguri yana riga na Daura shan ruwa da kusan minti 19, na Daura kuma yana riga na Sakkwato da kusan minti 12.

Ga inda wasu masu ɗan sani suke faɗawa rami. Sun ji labarin minti 27 ɗin nan, sai su ce bari su taimaki na'ura su rage shi daga agogo kafin su shigar. Ba a yin haka. Na'urar da kanta take wannan ragi, shi ne dalilin da ta tambaye ka lonjitud. Aikinka ka ba ta lokacin gwamnati yadda yake, ka gaya mata shiyyarsa +1 ce, ita kuma ta cire awa ɗaya ta samu GMT, ta ɗora lonjitud ɗin Daura a kai ta san yadda sama take bisa kanka. Wanda ya rage da hannunsa ya sa an rage sau biyu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na harafi ɗaya. Bayan lambobin lonjitud akwai E na gabas da W na yamma, kuma yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne da masu saye na Amurka a zuciya, inda kowa yake yamma da Girinwic. Madubin da aka sayo na hannu daga can yakan iso da garin tsohon mai shi a ciki. Sabon mai shi zai gyara lambobi ya manta da harafi. To, digiri 13 arewa da digiri 8 da minti 19 yamma wuri ne na gaske: yana ƙasar Mali, ɗan arewa maso yamma da Bamako. Madubin yana tsaye a Daura, lissafinsa na Bamako ne, kuma tazarar ta kai digiri 16 da rabi da ɗoriya, sama da awa ɗaya da minti 6. Duk tauraron da ka nema, madubin zai tsaya can gabas da shi.

Akwai ɗan'uwansa mai ban dariya. Rimot yana son lonjitud da lambobi uku, domin ƙirgar tana kaiwa 180. Na Daura 008 ne. In yatsa ya zame aka rubuta 080, an kai madubin Chennai a kudancin Indiya, wadda kusan latitud ɗinta ɗaya da Daura. Wannan ba ya ɓuya, domin na'urar za ta riƙa nuna ƙasa tana cewa ga tauraro nan. Haka ma kwanan wata: rimot ɗin SynScan yana fara rubuta wata kafin rana, irin na Amurkawa, don haka wanda ya sa 03/04 da nufin 3 ga Afrilu ya gaya masa 4 ga Maris ne, ya mayar da sama baya da wata guda, kusan digiri 30. Ita kuwa tambayar ƙarin awar lokacin zafi, wadda wasu na'urori suke taƙaitawa da DST, amsarta a nan a'a ce kullum. Ingila ce ke tura agogonta gaba daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, har lokacinta ya zo ɗaya da namu. Najeriya da Nijar ba sa yi.

Wani kuskuren kuwa bai cancanci tashin hankalin da ake yi a kansa ba. Waya takan ba da lonjitud da ɗigo, 8.32, rimot kuma yana son digiri da minti, inda minti 60 ke yin digiri ɗaya. Wanda ya kwafe 8.32 a matsayin digiri 8 da minti 32 ya yi kuskuren minti 13 na digiri, wanda bai kai minti ɗaya na agogo ba. Ya matsar da kansa ne zuwa layin da Kano take kai. A wannan yanki digiri ɗaya na lonjitud kusan kilomita 108 ne, ke nan sai ka yi kilomita 27 gabas ko yamma kafin lokacin rana ya canja da minti ɗaya. Masarautar Daura duka, daga Mai'aduwa da Sandamu zuwa Zango da Baure, 'yan mintoci ƙalilan ne faɗinta. A gyara don tsabtar aiki, amma ba shi ne ke ɓatar da tauraro ba.

Tsofaffin na'urorin Meade suna da tasu al'ada, kuma ba laifin mai saye ba ce. Taron 1884 ya ce gabas ita ce ƙari, yamma ragi. Masana taurari da yawa sun ci gaba da ƙirga akasin haka har ƙungiyarsu ta duniya ta tsayar da magana a 1982. Duk da haka LX200, wanda ya fito a 1992, ya riƙe tsohuwar hanya: yana ƙirga lonjitud ta yamma, daga 0 har 360. A irin wannan ƙirga Daura tana kan digiri 351 da minti 41, wato 360 a cire digiri 8 da minti 19. Shiyyar lokaci ma a juye take, domin tambayarsa ita ce awa nawa za a ƙara wa agogonka a samu GMT, amsar kuma a Najeriya -1 ce. Tsarin umarnin wannan na'ura ya yaɗu, wasu mazaunai da manhajoji suka ara, kowa da yadda ya fahimci alamar. Shi ya sa kwamfuta takan aika +1 mazauni ya karanta -1, a samu tazarar awa biyu, digiri 30, alhali kowane ɓangare in ka duba shi shi kaɗai daidai yake.

Kwamfutar kanta abar tuhuma ce. Sau da yawa mai saka manhaja a shago yakan bar ta a shiyyar yammacin Amurka, ya juya agogon da hannu har ya dace da na bango. A fuska ƙarfe takwas ne, a ciki kuwa lissafin GMT ɗinta ya kauce da awa takwas ko tara. Ba wanda zai lura muddin rubutu da kallo ake yi da ita. Ranar da aka haɗa ta da madubi ta manhaja, tana iya ba mazauni lokaci, ta shafe wanda aka sa daidai a rimot. Ko GPS ba a sakar masa ragama gaba ɗaya: ranar 6 ga Afrilu 2019 ƙirgar makonninsa ta cika 1024 ta koma sifili, wasu tsofaffin na'urori suka koma ba da kwanan wata na kusan shekara 20 baya.

Duk waɗannan suna tona kansu, domin madubi yana kaucewa da nisa. Wanda ya fi su haɗari shi ne wanda ba ya nuna alama, kuma wurin da Daura take ya sa ya fi sauƙin faruwa a nan. A ce mutum ya bar W maimakon E. Na'ura ta koma baya da minti 66 da rabi. A ce kuma ya bar shiyyar lokaci a sifili, kamar yadda madubin da ya fito daga Ingila yakan zo. Na'ura ta ɗauki agogon Najeriya a matsayin GMT, ta yi gaba da minti 60. Kuskure biyu sun ci juna, saura minti 6 da rabi, ƙasa da digiri biyu. Da ya nemi tauraron farko zai gan shi kusa, ya ɗan matsa da rimot ya sa shi tsakiya, ya yi haka da na biyu, na'ura ta ce saiti ya yi. Daga nan duk tauraron da ya kira zai zo masa, domin saitin taurari biyu yana haɗiye irin wannan ragowa. Zai yi watanni yana yabon madubinsa.

Wasu ma da gangan suke yi. In madubi ya kauce sai su riƙa tura agogo gaba ko baya har taurari su faɗo daidai, kamar mai awo da ya san mudunsa ya lotsa sai ya riƙa ƙara tozo. A taurari dabarar tana ci, domin jerinsu ba ya canjawa, sama ce kawai take juyawa da su gaba ɗaya. Wata ba haka yake ba. Yana tafiyarsa ta kansa a tsakanin taurari, kusan digiri 13 a kwana, rabin digiri a awa, wato faɗin jikinsa. Inda yake a kowane lokaci na'ura tana lissafa shi ne daga GMT. Idan GMT ɗinta ya yi gaba da awa ɗaya, za ta nuna inda wata zai kasance nan da awa ɗaya. Ga cikakken wata wannan ba komai ba ne, haskensa zai ja ka. Ga jinjirin wata kuwa rabin digiri ya isa ya fitar da shi daga maleƙa ko ya kai shi gefe inda ido ba zai kama shi ba.

A nan maganar ta daina zama ta masu sha'awar kallon sama kawai. Ranar 29 ga Sha'aban da 29 ga Ramadan ana fita duban wata a Daura kamar sauran masarautu, labari ya bi ta hannun hakimai da sarakuna har fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, inda ake sanarwa. Ko ganin da aka yi da madubi yana tsayar da wata, wannan magana ce ta malamai. Abin da ya shafe mu shi ne wanda ya fito da na'ura ya san iyakarta. Jinjirin daren farko siriri ne ƙwarai, yana cikin jan hasken magariba, kuma sau da yawa bai fi rabin awa zuwa minti arba'in ba yake bin rana ya faɗi. Masanin Faransa André Danjon ya nuna tun 1932 cewa in tazarar wata da rana ba ta kai kusan digiri 7 ba, babu jinjirin da za a gani. A cikin wannan ɗan lokaci taurari ba su fito ba balle a yi saiti da su. In da hazo, kamar yadda ake yi daga Disamba zuwa Fabrairu, abin ya ƙara tsanani. Dogaron mai madubi duka yana kan lissafin na'ura, lissafin kuma yana kan abin da aka gaya mata. Mutumin da kuskurensa biyu suka ci juna zai leƙa, ya ga sarari fayau, ya ce babu wata, kuma mutane za su ba maganarsa nauyi fiye da ta mai ido tsirara saboda sun ga na'ura a gabansa. A ganina wannan ya fi rashin madubin muni.

Haka lokacin haihuwar wata da ake bugawa a jadawalin duniya da agogon GMT yake zuwa. Sai an ƙara awa ɗaya kafin a ƙirga awa nawa jinjirin ya yi a lokacin faɗuwar rana a Daura. In kuma daga Saudiyya labarin ya fito, agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Akwai gargaɗin da ba a wasa da shi. Jinjiri yana gabas da rana da digiri goma ko sha biyu. Na'urar da aka bari a shiyyar sifili kaɗai tana kaucewa digiri 15 yamma da abin da aka nema, ke nan hanyarta ta kusa da rana ce. Wanda ya kira wata tun rana ba ta faɗi ba, ido a maleƙa, yana iya rasa idon nan take. A bar murfin madubi a rufe har rana ta ɓace, kuma kada a bar yara su leƙa kafin nan.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a yi aikin tun daren 28. A kafa ƙafafun madubi a inda yamma take a buɗe, a shigar da wuri da lokaci, sannan a lura da tafiyar farko, kafin a taɓa komai da hannu. Ita ce shaidar gaskiya. Miƙa hannu sosai: dunƙulen hannu kusan digiri 10 ne, tsakanin manuni da ƙaramin yatsa in an ware su kusan 15. In madubi ya kauce wa tauraron farko da irin wannan ware, gabas ko yamma, kada a ja shi a ce ya yi. A koma a duba harafi, da shiyya, da tambayar ƙarin awa. In bai kauce ba ma a duba, saboda abin da muka gani na kuskure biyu. Yawancin na'urori suna iya nuna GMT ɗin da suka lissafa, ko a ga alamar shiyya a jerin saituna. In agogon hannunka ya ce tara na dare, dole nata ya ce takwas. Gwaji na biyu a yi shi tun tsakiyar wata, lokacin da wata yake sama: bayan saitin taurari a kira shi. In taurari suna faɗowa tsakiya shi kuwa yana tsayawa gefe da kusan faɗinsa, agogo ne ba daidai ba. Masu mazaunin da ake daidaitawa da tauraron arewa su tuna cewa a Daura digiri 13 kawai ya ɗaga daga ƙasa, katanga ko bishiyar darbejiya ta isa ta rufe shi, hazo kuma yakan shafe shi gaba ɗaya.

Bayan saiti a sa na'urar a yanayin ajiya da ke riƙe saitin, a rufe ta daga rana da ƙura, kada a motsa ƙafafun. Washegari da yamma a tashe ta, a ba ta lokaci daga wayar da ke karɓar agogo daga layin sadarwa. In Zara tana yamma a wannan watan, a fara kiran ta bayan faɗuwar rana don tabbatarwa, domin ita ce ke riga kowane tauraro bayyana. In za a haɗa da kwamfuta, a zaɓi ɗaya ya zama mai ba da lokaci, ko ita ko rimot, kuma a tabbata shiyyarta ta Afirka ta Yamma ta tsakiya ce, +1.

Mai karatu, in akwai irin wannan madubi a makarantarku ko a hannun kwamitin duban wata na garinku, ka rubuta wannan a kati ka manna a ƙafarsa: latitud 13 02 N, lonjitud 008 19 E, shiyya +1, ƙarin awa a'a, wata kafin rana. In tsohon Meade ne, 351 41 da -1. Wanda yake Baure ko Kongolam ya ɗauki lambobin garinsa daga GPS na waya, sauran layukan ba sa canjawa.